TAKUNKUMI A BAKIN WA?

'Yan'uwa na rassa, na Gaya da Doso, na Konni da Madawa, na Maradi da Tasawa da Damagaram, da duk inda wannan takarda ta iske ku ranar kasuwa, muna gaishe ku daga Lamorde, hayin kogi, a Yamai. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Kowa a cikinku ya san takunkumi, gama ba a makaranta a ke koyonsa ba. Kadan jaki ya cika ɓarna, ko raƙumi zai ratsa gonar mutane, sai a ɗaura masa shi a baki don kada ya ci abin da ba nasa ba. Wanda ya yi ɓarna shi a ke ɗaura wa. Ba mu ce da kowa jaki ba, misali ne. Amma tun da mu ke ba mu taɓa jin an ce dabba ta shiga gona, sa'an nan aka kama mai gonar da 'ya'yansa aka ɗaure musu baki ba. To, wannan abin da ba a taɓa ji a ƙauye ba shi aka yi wa ƙasar Nijar daga ran 30 ga Yuli 2023 har ran 24 ga Fabrairu 2024, wata bakwai ba 'yan kwanaki. Mun ga ya kamata mu zauna mu yi lissafinsa, domin masu maganarsa sun rabu biyu. Waɗansu suna so mu manta da shi. Waɗansu kuwa suna so mu riƙa ambatonsa safe da yamma, don kada bakinmu ya sami sararin tambayarsu wani abu dabam.

ABIN DA AKA YANKE A ABUJA

Ran 26 ga Yuli 2023 sojojin da ke gadin fada suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum. Bayan kwana biyu Janar Abdourahamane Tiani ya fito ya ce mulki ya koma hannunsa. Ran 30 ga wata shugabannin CEDEAO, wadda mutanen Nijeriya ke ce wa ECOWAS, suka taru a Abuja, Shugaba Bola Tinubu ne a kan kujera. Suka ba soja mako guda su mai da Bazoum, in ba haka ba a zo musu da ƙarfi. Suka rufe iyaka ta ƙasa da ta sama. Suka hana ciniki da duk wata hulɗar kuɗi tsakanin ƙasashensu da tamu. Suka ƙulle dukiyar gwamnati da ke babban bankin BCEAO. Suka ce a yanke har wutar lantarki. Faransa da Tarayyar Turai da Bankin Duniya su ma suka tsai da kuɗin da su kan bayar.

Ga inda mu ke so ku buɗe kunne. Ba a kanmu wannan ƙungiya ta fara sa takunkumi ba. A watan Janairu 2022 ta sa wa ƙasar Mali, amma a cikin takardar da aka rubuta wa Mali an faɗa sarai cewa ban da abinci, ban da magani da kayan asibiti, ban da man fetur, ban da wutar lantarki. Shekara ɗaya da rabi bayan haka, da aka zo rubuta tamu, sai aka cire wannan "ban da" ɗin duka. Wa zai ce mantuwa ce? Wanda ya taɓa rubuta wasiƙa sau ɗaya ya san abin da ya tsallake a ta biyu. A ganinmu lissafi aka yi. An ce ƙasar nan ba ta da teku, mutanenta matalauta ne, kadan aka matse cikinsu mako ɗaya ko biyu za su fito kan titi su kori soja da kansu. Watau an ɗauki yunwar talaka an mai da ita sanda.

Ku dubi lokacin kuma. Watan Agusta ne, tsakiyar damina, rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, sauro kuma yana kan ganiyarsa, zazzaɓi na kayar da yara gida gida. Tun kafin soja su motsa, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙidaya mutum miliyan 4 da dubu 300 a ƙasar nan masu bukatar agaji a wannan shekara. A kan wannan jiki aka ɗora dutsen.

ABIN DA MUKA GANI A HAYIN NAN

Mu mutanen Lamorde ba yau muka san wahala ba. Kogi ya ci gidajenmu a 2012, ya sake ci a 2020 sa'ad da ya karya bangon ƙasa da aka tare shi da shi, muka kwashe yara da tabarmi muka koma kan tudu. Amma ruwa ikon Allah ne, ba wanda ya zauna cikin zaure mai sanyi ya sa hannu a takarda ya ce kogi ya tashi.

Wuta ce ta fara tafiya. Wajen kashi 70 cikin 100 na lantarkin da ƙasar nan ke amfani da shi a lokacin daga Nijeriya ya ke zuwa, na Yamai kuwa ta wayar da ta taso daga Birnin Kebbi. A farkon Agusta aka yanke ta. Sai kamfanin NIGELEC ya koma kan injunan Gorou Banda, nan kudu da mu kaɗan, da na Goudel, aka shiga raba wuta unguwa unguwa kamar tuwon gidan biki da bai isa ba. Wa ya ji a jikinsa? Mai walda da ya zauna yana kallon ƙarfe. Mai injin niƙa da mata suka yi wa layi da ƙorai tun hantsi. Tela. Yarinya mai tallar ƙanƙara da ruwan sanyi, wadda da ribarta uwarta ke sayen cefane. Manyan gidaje suna da injinsu a bayan gida, sai dai ka ji ƙara. Shi kansa Bazoum, wanda aka ce dominsa a ke yi, labari ya fito cewa an yanke masa wuta a inda a ke tsare da shi. Ashe ko wanda aka zo ceto bai sha daɗin ceton ba.

Sa'an nan magani. Babban asibitin ƙasa na Lamorde, wanda aka sa wa sunan Amirou Boubacar Diallo, nan ne a ke wankin ƙoda, mutane su kan taso daga nesa dominsa, waɗansu daga garuruwanku. Mai ciwon ƙoda sai an ɗora shi kan inji sau biyu ko uku kowane mako, in an tsallake jini ya gurɓace. Injin nan yana son wuta, yana son ruwa mai tsabta, yana son matata da robobi waɗanda ba a ƙera ko ɗaya a ƙasar nan, a lokacin ta tashar jirgin ruwa ta Kwatano su ke shigowa. Ƙoda ba ta san juyin mulki ba. Haka mai ciwon sukari da allurarsa ke bukatar sanyi, haka mai ciwon daji, haka jariri mai jiran allurar rigakafi. Masu sayar da magani sun yi ta kuka a watannin nan cewa kantunansu suna ƙarewa. A cikin Agusta hukumar UNICEF ta ce tana da kwantena wajen 50 na allurai da kayan sanyaya su da abincin yara masu tamowa, sun maƙale a mashigai. Hukumar abinci ta duniya ta ce nata kayan, wajen tan 6,000, suna waje ba hanyar shigowa. Abinci yana can a tsaye cikin mota, mai yunwa yana nan a zaune, tsakaninsu gada ce wadda mutum zai ƙetare da ƙafa kafin shayi ya huce.

Mu da mu ke tsayawa gaban allo mun ga namu rabon da aka koma makaranta a watan Oktoba. Littafin rubutu, alli, biro, duk baƙi ne, ta teku su ke zuwa, kuɗinsu ya hau. Uba ya kan zo ya tsaya bakin aji ya ce, Mushe, a yi haƙuri da yaron nan har ƙarshen wata. Yaron da ya saba zuwa da kuɗin ƙosai ya zo hannu wofi, kafin ƙarfe goma sha ɗaya ya kifa kai bisa tebur. Ka tambaye shi aikin gida ya ce ba wuta jiya. Me za ka ce masa? Mu kanmu mun sha tsayuwa a layin banki, a ce iyakar abin da za ka ɗauka ke nan yau, alhali kuɗinka ne. A watan nan na Oktoba gwamnati ta rage kasafin shekara da kashi 40 cikin 100, daga wajen miliyar 3,290 na sefa ya koma wajen miliyar 1,980. Kun san sa'ad da a ke rage kasafi ba daga bindiga a ke farawa ba.

Maganar iyaka kuwa kun fi mu saninta, ba ma koya wa kifi iyo. Tsakaninmu da Nijeriya akwai iyaka ta fiye da kilomita 1,500, jihohinsu bakwai suna jingine da mu, daga Kebbi har Borno. Konni da Illela gari ɗaya ne da aka ja wa layi, haka Dan Isa da Jibiya. Shanu da tumaki da wake da albasar Galmi su gangara kudu, masara da gero da kayan masarufi su hauro arewa, haka a ke tun kafin Bature ya zo da taswirarsa. Tsofaffinmu ba su manta da 1984 ba, sa'ad da aka rufe wannan iyaka a kan fari, har yunwar shekarar ta sami suna, El-Buhari. Wannan karon ma kaya ba su daina shiga ba. A Malanville manyan motoci suka yi layi mai tsawon gaske, 'yan kwale-kwale suka riƙa ƙetarar da buhu ɗaya ɗaya. A gabas babura suka bi ta daji. Waɗansu motoci suka zagayo ta Lome, suka ratsa Burkina ta Kaya da Dori har Tera da rakiyar soja, ta hanyar da direba ke barin wasiyya kafin ya hau ta. Kowane zagaye da kuɗinsa, kowane shinge da hannun da za a cika, duka kuma a kan tiyar da matar gida za ta auna a ke tara su. Takunkumin bai hana ciniki ba. Ya dai kashe ƙaramin ɗan kasuwa, ya yi wa ɗan fasa-ƙwauri da mai ɓoye hatsi ƙiba.

Lalle mu faɗi gaskiya a kan 'yan'uwanmu na ƙetaren layi, domin akwai masu so mu ƙi su. Kasuwannin Illela da Jibiya da Mai'aduwa da Maigatari sun yi sanyi kamar namu. Majalisar dattawan Nijeriya ta ƙi goyon bayan yaƙi tun ran 5 ga Agusta. Muhammadu Sanusi na Kano ya zo Yamai da kansa, malaman addini suka biyo baya, Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi suka yi ta kai da kawowa. Tsoho Yakubu Gowon, wanda da shi aka kafa CEDEAO a Legas a 1975, ya rubuta wa shugabanni ya roƙe su su ɗage. Talakan Katsina bai sa mana takunkumi ba.

ME AKA SAMU?

Mai noma ya kan auna gona da abin da ya shiga rumbu. Abu ɗaya aka nema, a mai da Bazoum kan mulki. Ran 24 ga Fabrairu 2024 aka sake taruwa a Abuja aka ɗage takunkumin, aka ce don jinƙai ne, ga azumi ya gabato. Ran nan Bazoum yana tsare inda ya ke tun farko. Jinƙan da aka tuna da shi a wata na bakwai, ina ya shiga a wata na ɗaya?

Abin da aka girba dabam ne. Mutanen da aka zaci za su fito su kori soja sun fito, amma filin wasa na Seyni Kountché suka cika ran 6 ga Agusta, ranar da wa'adin ya ƙare, suna yi wa soja tafi. Mun san da yawa a cikinsu. Akwai waɗanda ba su taɓa son mulkin soja ba, amma mutumin da aka kashe wa fitila daga wata ƙasa, aka kuma ce za a kawo masa yaƙi har gida, ba ya tsayawa karatun tsarin mulki. Duk wanda ya buɗe baki a watannin nan ya ce a yi zaɓe, sai a ce da shi ɗan koren baƙi ne. Waɗanda suka fi kowa asara a siyasa su ne masu son mulkin farar hula na cikin gida, watau waɗanda aka ce an zo taimaka wa. Ran 16 ga Satumba 2023 Nijar da Mali da Burkina suka kafa ƙawancen AES. Jakadan Faransa ya fita a wannan wata, sojojinta na ƙarshe suka bi shi a Disamba. Ran 28 ga Janairu 2024 ƙasashen uku suka ce sun bar CEDEAO, fitar ta tabbata a Janairu 2025, ƙungiya mai ƙasa 15 ta koma 12. A watan Maris 2025 aka rantsar da Janar Tiani shugaban ƙasa na shekara biyar, aka rushe jam'iyyu duka. Ku da ku ke miƙa wa juna wannan takarda hannu da hannu kun san ma'anar wannan.

Da masu hukuncin sun buɗe littafin tarihi da sun ga hoton abin tun da wuri. A Satumba 1958 Gini ta ce a'a ga De Gaulle. Faransa ta kwashe ma'aikatanta, ta yanke taimako, don a ga Sékou Touré ya durƙusa. Bai durƙusa ba. Ya juya wajen Rasha, Nkrumah na Gana ya ba shi rancen fam miliyan 10, ya zauna kan mulki har mutuwarsa a 1984, ya cika kurkukun Boiro da mutanen da ya ce 'yan koren Faransa ne. An sa wa Iraƙi takunkumi a 1990, asibitocinta suka lalace, Saddam Husaini ya ƙara shekara 13 sai da aka zo da yaƙi. Amurka ta ƙulle Kuba tun 1962, Fidel Castro ya tsufa a kan kujerarsa ya miƙa wa ƙanensa.

Wani ɗan'uwa zai ce, to a zuba wa masu juyin mulki ido ke nan? Tambaya ce mai nauyi, ba mu raina ta ba. Ƙasar da aka yi wa juyin mulki a 1974, da 1996, da 1999, da 2010, da 2023, ta san bindiga ba ta haihuwar zaman lafiya. Zai kuma kawo mana misalin Afirka ta Kudu, inda ƙauracewar duniya ta taimaka aka karya mulkin wariyar fata. Gaskiya ne. Amma can waɗanda a ke zalunta su suka roƙa da bakinsu, shugabanninsu irin su Albert Luthuli suka ce a ƙaurace wa kayan ƙasarmu, mun yarda mu sha wuyar. Nan wa aka tambaya? Mai niƙa ta Lamorde, ko mai awon hatsi na Tasawa? Kuma akwai hanyar da ba ta bi ta cikin talaka. A 2009, lokacin tazarcen Tandja, CEDEAO ta dakatar da Nijar daga zaurenta ba tare da ta rufe gada ko ta kashe fitila ba. Ana iya hana manya tafiya, a ƙulle ajiyarsu ta waje, a bar shinkafa ta wuce. Sa'an nan ƙungiyar da ta yi shiru a 2020 sa'ad da Alpha Condé da Alassane Ouattara suka nemi zagaye na uku, ita ta rage wa sandarta nauyi da hannunta.

NAMU LAIFIN

Yanzu mu juyo gida, gama wanda ya faɗi laifin maƙwabci ya ɓoye nasa maroƙi ne. Yaya aka yi ƙasa mai shekara 63 da samun mulkin kai, mutum ɗaya a wata ƙasa ya murɗa maɓalli babban birninta ya yi duhu? Tun 1971 a ke haƙar yuraniyom a Arlit, ya haskaka biranen Turai. Muna da gawayin Anu Araren, muna da matatar mai a Damagaram tun 2011, muna da rana wadda ba mai iya rufe mata iyaka. Nijeriya ta gama madatsar Kainji a kan kogin nan namu a 1968, mu muka zauna muna sayen wutarta don tana da araha. Tamu madatsar ta Kandaji, wadda aka aza harsashinta a 2008, takunkumi ya iske ta ba a gama ba, aikin ya tsaya da kuɗin waje suka yanke. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30, da ta fara aiki a ƙarshen 2023, kowa a Yamai ya ga sauƙin da ta kawo. Da guda goma irinta aka gina cikin shekarun da suka wuce fa? Kowace gwamnati, ta farar hula da ta soja, ta zo ta iske igiyar nan a wuyanmu, ta yi jawabi, ta tafi ta bar ta.

Ga kuma wadda ta fi mana ciwo. Nijeriya ta buɗe iyakarta a watan Maris 2024, wuta ta dawo, mu ma muka buɗe. Benin ta buɗe nata gefen. Amma gadar Gaya aka bar ta a toshe daga wajenmu shekarar nan duka, hukuma ta ce don tsaro ne, akwai sojojin Faransa a can, Benin ta ce ba haka ba ne. Har rikicin ya taɓa bututun man da ya taso daga Agadem zuwa bakin teku a watan Mayu 2024. Mu ba mu da idon ganin sirrin soja. Abin da muka sani shi ne buhun shinkafa ba ya tambayar wane gefe ne ya sa kwantena a kan gada, kuɗin kwale-kwale ɗaya ne. Wanda ya yi Allah wadai da rufewar Abuja don ta cuci talaka, ba shi da bakin yin shiru a kan rufewar da ta fito daga Yamai. In muka ce a kawo dalili a fili, a gaya wa mutanen Gaya da Doso ranar da za a buɗe da sharaɗin buɗewa, ba cin amanar ƙasa muka yi ba. Mun riƙe ciki wata bakwai, mun biya kuɗin tambaya.

Saboda haka ga roƙonmu ga kowane reshe. A sami mutum biyu masu rubutu su zauna da masu awo da mahauta da direbobi da ungozoma. A rubuta nawa a ke sayar da tiyar gero da ta masara da buhun shinkafa kafin Yuli 2023, nawa suka kai a tsakiyar takunkumi, nawa su ke a kasuwar wannan mako. A rubuta magungunan da suka ɓace daga kanti da watan da suka dawo. A rubuta sana'o'in da suka mutu ba su tashi ba, da yaran da aka cire daga makaranta. Kada a ƙara gishiri, kada a rage, kada kuma a sa sunan kowa. A ba direban da aka amince da shi ya kawo mana Lamorde, za mu haɗa su mu buga gari gari a fitowa ta gaba, mu fara da Gaya.